Maɓuɓɓugar ruwan zafi a lambun nazarin tsirrai

Maɓuɓɓugar ruwan zafi idon ruwa ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafin da ya fi na sauran ruwan yankin, ba tare da rana ko wuta sun ɗumama shi ba. Lambun nazarin tsirrai kuwa lambu ne da ake tara itatuwa da furanni iri-iri don bincike da adana iri da koyarwa, kowane tsiro da allon sunansa da asalinsa. A wasu ƙasashe an haɗa biyun wuri guda: baƙo ya zaga ya ga tsirrai, sannan ya shiga ruwan ya yi wanka. Abin da ya haɗa su shi ne ɗumi da laima waɗanda ba sa yankewa rani da damina, domin su ne ke raya tsiron da yanayin wurin ba zai iya ɗauka ba.

Inda zafin ke fitowa

Cikin ƙasa zafi gare shi, kuma yana ƙaruwa gwargwadon zurfi. A yawancin wurare ƙarin yana kai digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya. Ruwan sama yana tsattsagewa ta tsagar duwatsu ya yi ƙasa, ya ɗauki zafin dutsen da ya tarar, sannan matsi ya turo shi sama ta wata tsaga. Idan hanyar fitowar a buɗe take, ruwan kan iso bai huce ba. Wannan shi ne nau'i na farko, kuma ba ya buƙatar dutse mai aman wuta. Nau'i na biyu yana samuwa ne inda narkakken dutse yake kusa da doron ƙasa, kamar Japan da Aisland da tsibiran Azores. A irin waɗannan wurare ruwa kan fito dab da tafasa, da tururi da warin farar wuta mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai.

Babu ma'auni ɗaya da duniya ta yarda da shi kan zafin da ruwa zai kai kafin a kira shi na zafi. A Jamus ana farawa daga digiri 20, dokar Japan ta 1948 kuma ta sa digiri 25. Wannan lissafi na ƙasashen sanyi ne. Ruwan ƙasa marar zurfi yana bin matsakaicin zafin shekara na yankinsa, saboda haka a wuri kamar Maraɗi ruwan rijiyar unguwa ma zai iya cika sharaɗin Jamusawa. Ma'aunin da ya fi dacewa da Sahel shi ne a gwada ruwan da zafin jikin mutum, wato digiri 37, ko da ruwan rijiyoyin da ke maƙwabtaka da shi.

Ruwa mai zafi ya fi mai sanyi narkar da abin da ke cikin dutse. Shi ya sa kowace maɓuɓɓuga da launinta da ɗanɗanonta: wata ƙarfe ya rina ta ta yi ja-ja, wata gishiri da kanwa, wata kuma farar ƙasa ce ke taruwa a bakinta har ta daskare ta zama matakala, kamar a Pamukkale ta Turkiyya.

Lambunan da aka kafa a kan ruwan zafi

Lambun nazarin tsirrai irin na yau ya faro ne a Italiya, a Pisa a 1544 da Padua a 1545, don koya wa ɗaliban likitanci tsirran magani. A Afirka akwai na Hamma a birnin Aljiyas tun 1832, da na Aburi a Gana tun 1890, da na Limbe a Kamaru tun 1892. Waɗannan ba su da alaƙa da ruwan zafi. Masu alaƙar kaɗan ne.

Wanda ya fi shahara shi ne lambun Terra Nostra a kwarin Furnas, tsibirin São Miguel na Azores, mallakar Fotugal. Kwarin kansa tsohon bakin dutse mai aman wuta ne. A ƙarshen ƙarni na 18 wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Thomas Hickling ya gina gidan hutu a wurin, da tafki a gabansa, ya dasa itatuwa. Waɗanda suka mallaki wurin bayansa sun yi ta faɗaɗa shi, har a 1935 aka buɗe otal a gefensa. Yau lambun ya kai kimanin hekta 12 da rabi. Tafkin wankan yana tsakanin digiri 35 da 40, ruwansa kuma jajaye-jajaye ne saboda ƙarfe, ya yi kama da Gulbin Maraɗi a ruwan farko na damina. Baƙon da bai sani ba sai ya zaci datti ne. Ba datti ba ne, amma yana rina farin tufa, don haka masu zuwa suke shiga da tsofaffin kaya masu duhu. Lambun ya yi suna da ɗaruruwan nau'o'in kameliya, furen da ke dangi ɗaya da ganyen shayi, da kuma wasu tsirrai masu siffar dabino waɗanda zuriyarsu ta girmi tsirrai masu fure. A bakin tafkin Furnas, ba nisa da lambun, mutanen garin kan binne tukunyar nama da kayan lambu a ƙasa mai zafi, bayan sa'o'i su tono ta a dafe.

A Japan an fi amfani da zafin wajen ɗumama ɗakunan gilashi. A Beppu akwai wani tafki mai shuɗin ruwa da zafinsa ya kai digiri 98, ba a shigarsa sam, amma da zafinsa ake renon ƙaton badon kogin Amazon, wanda ganyensa ke ɗaukar ƙaramin yaro. A Atagawa an buɗe lambun tsirran ƙasashen zafi da gidan kadoji a 1958 bisa wannan dabara. A garin Hveragerði na Aisland har ayaba an shuka a ɗakin gilashi, a ƙasar da ke dab da yankin ƙanƙara na arewa. Akwai kuma Poring a gandun Kinabalu na Malesiya, da Tabacón a gindin dutsen Arenal na Kosta Rika, inda ruwan ke gudana a tsakiyar lambu. Sai dai yawancin irin na Kosta Rika lambunan ado ne na otal, ko da an kira su na nazari a tallace-tallace.

Na kusa da ƙasar Hausa

Jihar Maraɗi tana zaune ne galibi a kan shimfiɗar yashi da laka da dutsen yashi, ba ta da duwatsu masu aman wuta. Ruwan da take tinƙaho da shi na gulbi ne da tafkin Madarunfa da rijiyoyin da ke shayar da lambunan zogale na Jiratawa. Mai neman ruwan zafi sai ya yi tafiya.

A Nijar wurin da aka fi sani shi ne Tafadek, cikin duwatsun Ayar, kimanin kilomita 80 arewa da Agadas. Buzaye da Hausawa da Larabawa sun daɗe suna zuwa, wasu su yi kwana da kwanaki, don neman sauƙin amosani da ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata. Ruwansa yana da zafi sosai, ba a daɗewa a ciki. Ba lambun nazari ba ne, amma Ayar tana nuna abin da ruwa mai ɗorewa ke yi a busasshiyar ƙasa, domin a Timiya ana noman lemo da rumman da dabino a tsakanin baƙaƙen duwatsu. Daga Maraɗi ana zuwa Agadas ta Ƙonni da Tawa, ko ta Damagaram da Tanut. Matafiyi ya binciki halin tsaron hanya kafin ya ɗaura kaya.

A Najeriya akwai Wikki a gandun dajin Yankari na jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Ruwan yana fitowa daga gindin wani dutsen yashi, garai-garai har ana ganin ƙasansa, a digiri 31 dare da rana, kuma ana ƙiyasta lita miliyan 21 ke kwarara kullum zuwa kogin Gaji. Ɗumi ne, ba zafi ba. A watan Afrilu, mutumin Maraɗi da ya baro digiri 40 a gida sanyi zai ji a ciki, sai da hunturu ake gane darajarsa. Itatuwan da suka yi masa rumfa ba dashe ba ne, ruwan ne ya raya su. Sauran sun haɗa da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa, da Ikogosi a jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa.

Lafiya da haɗari

Jiƙa jiki a ruwan ɗumi yana sassauta tsoka, yana buɗe hanyoyin jini, yana rage nauyin da gaɓoɓi ke ɗauka. Wannan sauƙi na gaske ne, amma na ɗan lokaci ne, kuma ba ya maye gurbin asibiti. Zafin da ya wuce digiri 40 yana sa jini ya sauka ya kawo jiri, har suma. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya da mai hawan jini da ƙananan yara su ne suka fi shiga haɗari. Akan ba da shawarar kada a wuce minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya, a fito a sha ruwa. Kada kuma a nutsar da kai: akwai wata ƙwayar halitta, Naegleria fowleri, da ke rayuwa a ruwan ɗumi, tana shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba kasafai ba ne, amma da wuya wanda ya kamu ya tashi.

Babban kuskure shi ne shan ruwan da sunan magani, ko cika jarka a kai gida tsaraba. Ruwan da ya daɗe a zurfi yakan ɗauko sinadaran da ido ba ya gani, harshe ba ya ji, irin su fuloraid da arsenik. Jihar Maraɗi ta ga illar haka da idonta. A garin Tsibirin Gobir, rijiyar burtsatsen da aka fara sha a 1985 tana ɗauke da fuloraid ninki uku zuwa huɗu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Kafin a gano, ɗaruruwan yara sun sami tabon haƙora da lanƙwasar ƙashi. Wannan rijiya ce, ba maɓuɓɓuga ba, amma hanyar da sinadarin ya bi ya shiga ruwan ɗaya ce.

Ladubban ziyara

Game da tsarki, malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa ruwan da launinsa ko warinsa ya canja saboda mazauninsa, kamar gishiri ko farar wuta, yana nan a kan tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Abin da ya kamata baƙo ya tambaya tun daga ƙofa shi ne tsarin shiga. A Terra Nostra maza da mata tafki ɗaya suke shiga da kayan iyo. A Japan galibi an raba su, amma ba a shiga da tufa. A ƙasashen Magrib, kamar Aljeriya, akan ware wa mata ɓangarensu ko lokacinsu.

Ba a shiga da sabulu, ba a wanki, domin ruwan da ya fita daga tafki yakan bi ta cikin lambun. Zoben azurfa yana baƙi a ruwa mai farar wuta, sai a cire. Ba a tsinkar fure ko ɗibar iri, kuma ƙasashe da yawa sun hana ketare iyaka da tsiro ba tare da takardar lafiyarsa ba. Inda aka yi shinge kewaye da ƙasa mai tururi a bi hanyar da aka shata, domin ɓawon ƙasar kan zama siriri, ruwa mai tafasa kuma yana ƙarƙashinsa.