Waiwaye: Kuɗin ƙololuwar wuta da lissafin sola ga masu masana'antu a Accra

Mai shago a Nima ko Mamobi da ke sayen wuta a mitar kati mafi yawan abin da yake biya kuɗin adadin wutar da ya sha ne. Mai gidan sanyaya kifi a Tema ko mai masana'antar ruwan leda a Ashaiman, shekara da shekaru, har zuwa 2019, takardarsa na ɗauke da wani layi daban, kuɗin ƙololuwa. Mita tana auna nauyin da ya ɗora wa layin ECG, kamfanin rarraba wuta, a kowane ɗan taƙi na minti 15 ko 30, gwargwadon yadda aka saita ta, sai ta riƙe mafi girma a cikin watan, a caje shi a kan kowane kVA, wato ma'aunin nauyin wuta. Ko sau ɗaya ya kunna dukkan injuna tare, wannan rabin sa'ar ce za ta yanke masa kuɗin wata guda.

Dalilin cajin ba ɓoyayye ba ne. Taransfoma da waya ana sayen su ne daidai da nauyi mafi girma da za su ɗauka, ko da sau ɗaya ne a wata. Shi ya sa aka ware manyan masu shan wuta, daga kVA 100 zuwa sama, a rukunin da ake kira SLT.

A zamanin da madatsar Akosombo, wadda ta fara ba da wuta a 1965, ke ɗauke da ƙasar kusan ita kaɗai, ba wanda ya damu da wannan layi sosai. Wutar ruwa tana da arha, kuma babban kaso nata kamfanin narka alminiyam na VALCO ne ke sha a Tema. Farin 1983 ya fara nuna cewa ruwan tafkin Volta na iya ja baya. Aka maimaita a 1998 da 2007. A tsakani, a 1997, aka kafa hukumar PURC mai yanke farashi, aka kuma fara kunna tashar Aboadze mai amfani da mai. Tun daga nan kuɗin wuta ya ɗaure da farashin mai da gas da darajar dala.

Sai dumsor, wato zamanin yawan ɗauke wuta. A watan Agusta 2012 bututun gas na Afirka ta Yamma ya lalace a tekun Togo, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa har zuwa 2016. A Disamba 2015 PURC ta ƙara farashin wuta da kashi 59.2 cikin ɗari. A wannan tsakanin ne masu sayar da sola suka fara ƙwanƙwasa ƙofofin masana'antu. Dokar makamashi mai sabuntuwa ta 2011 ta riga ta buɗe hanya, hukumar VRA mai kula da madatsar Akosombo ta kunna tashar sola mai megawat 2.5 a Navrongo a 2013, farashin farantin sola kuma yana ta faɗuwa a kasuwar duniya. Alƙawarin da aka fi yi wa masu kamfani a lokacin shi ne sola za ta rage musu kuɗin ƙololuwa. A ganinmu, a nan aka fi yin zuzutawa.

Ga dalili. A Accra rana na fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida, duk shekara. Faranti na ba da ƙarfinsa ne daga tara na safe zuwa uku na yamma. Gidan burodi da ke kunna injin kwaɓa da asuba, ko otal da na'urorin sanyaya ɗakinsa ke tashi bayan magariba, ƙololuwarsu tana wajen wannan lokaci, don haka faranti dubu ba zai taɓa ta ba. Wanda ƙololuwarsa ke da tsakar rana ma bai tsira ba. Hadari ɗaya a watan Yuni da ya rufe rana na rabin sa'a ya isa ya sa faranti mai kilowat 100 ya koma ba da 20, ragowar ta dawo kan ECG, mita ta rubuta, watan ya tafi. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ita ma tana cin nata rabon idan ba a wanke farantan.

Akwai kuma abin da masu haɗawa da yawa ba sa faɗa. Moto yana jan wuta iri biyu: mai yin aiki, da ake aunawa da kW, da wadda ke gina maganaɗisun cikinsa, kVAr. Inbata, na'urar da ke juya wutar faranti zuwa irin ta layi, in ba a saita ta ba, ta farkon kawai take bayarwa. Ɗauki masana'anta mai jan kW 200 da kVAr 100. Mita, wadda ke haɗa iri biyun, na ganin kVA 224, ingancin jan wutarta, wato kW a raba da kVA, 0.89. A sa mata sola mai ba da kW 100. Abin da take ja daga layi ya ragu da rabi, amma kVA ya sauka zuwa 141 ne kawai, ingancin ya faɗo 0.71. Ƙasa da 0.9 kuwa wurin tara ne a wancan lokacin. Maganin shi ne akwatin kafasita mai sarrafa kansa, wanda ke samar da kVAr ɗin, ko a saita inbata ta ba da kVAr, amma sai an bar mata sarari a girmanta tun wajen saye.

A 2019 lissafin ya juye. Daga 1 ga Yuli PURC ta ƙara farashi da kashi 11.17, a lokaci guda ta cire kuɗin ƙololuwa daga kan masu SLT, da nufin sauƙaƙa wa masana'antu. Nauyin takarda ya koma kan kowace kWh da aka sha, kuma wannan shi ne ainihin abin da sola ta iya ragewa. Wato cire cajin da aka ce sola za ta magance shi ne ya gyara mata kasuwa. Rufin da aka shimfiɗa wa faranti kusan megawat 17 a yankin masana'antu na Tema a 2024 ya zo ne a wannan yanayi. Batun mayar da rarar wuta ga ECG kuwa, an fitar da ƙa'idarsa tun 2015, aka daɗe ana jan ƙafa, shi ya sa da yawa ke sa na'urar hana fitar wuta, musamman ganin wasu mitoci na ƙirga wutar da ta fita kamar an sha ta.

Ƙololuwa ba ta daina cin kuɗi ba duk da haka. Ita ce ke yanke girman taransfoma da janareta da mutum zai saya, ita ce ke iya tura shi daga wani rukunin farashi zuwa wani, PURC kuma na duba farashi duk wata uku. Don haka kafin a sayi ko faranti ɗaya, a tara takardun wata 12 a ga layukan da ake caja yanzu. Sannan a ɗaura na'urar auna nauyi a babban allon wuta na aƙalla mako biyu, har da ranar aiki mafi yawa. Sau da yawa za a tarar kwamfaresoshi uku ne ke aiki tare da safe, kuma raba lokutansu bai buƙatar ko sidi ɗaya.

Idan ƙololuwar ta ƙi gyaruwa da tsari, sai batir. Wanda ke son aske kW 60 daga ƙololuwarsa na tsawon sa'a biyu yana buƙatar kWh 120, kuma tun da ba a zuƙe batir ƙarƙaf, sai ya sayi kamar 150 na lithiyam, da inbata mai ɗaukar kW 60 ɗin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar batir ɗaya ya yi aikin askewa da na jiran ɗaukewar wuta ba tare da an ware wa kowanne kasonsa ba, sai ƙololuwa ta zo ta same shi fanko. Inbatar da ke jingine da layin ECG kuma tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Idan za ta yi aiki tare da janareta, dole a sa na'urar da za ta riƙa rage sola don janaretan ya zauna a kan aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, in ba haka ba wuta ta koma cikinsa ya yanke, ko baƙin mai ya fara tsiyaya daga salansa.