Waiwaye: Prakriti da Halayenta Uku a Falsafar Sankiya ta Indiya

Cikin makarantun falsafa shida da mabiya addinin Hindu ke ƙirgawa a matsayin na gargajiya, Sankiya ce ta fi tsayawa kai da fata a kan cewa asalin samuwa biyu ne. Akwai Purusha, wato sani tsantsa, mai kallo da ba ya aikata komai, kuma kowane mai rai da nasa. Akwai kuma Prakriti, tushen halitta, wadda ba ta da mafari, ba ta san kanta ba, amma daga cikinta komai ya fito. Abin da ke ba sabon mai karatu mamaki shi ne inda suka ja iyaka tsakanin biyun. A wajensu hankali da tunani da jin cewa "ni ne wane" duk 'ya'yan Prakriti ne, gida ɗaya suke da dutse da ruwa da naman jiki.

Wannan ra'ayi ya daɗe yana tsiro kafin ya yi suna. A littafin Chandogya Upanishad, ɗaya daga tsofaffin nassosin addinin Hindu, wanda ya girmi miladiyya da ɗaruruwan shekaru, Uddalaka Aruni yana koya wa ɗansa Shwetaketu cewa in ya dubi wuta, jan da ke cikinta na zafi ne, farin na ruwa ne, baƙin kuma na abinci ne, haka ma rana da wata da walƙiya. Daga baya wani Upanishad, Shwetashwatara, ya kawo hoton akuya mai launi ja da fari da baƙi, tana ta haihuwar 'ya'ya masu kama da ita. Bunsuru ɗaya yana kwance tare da ita yana jin daɗi, wani kuma ya ƙoshi ya rabu da ita. Malaman Sankiya sun ce akuyar Prakriti ce, launukanta halayenta uku ne, bunsurun da ya tafi kuwa shi ne ran da ya kuɓuta.

Wanda ake jingina wa kafa makarantar shi ne Kapila, sai dai labarinsa ya fi kusa da almara. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne koyarwar ta yi ta yawo baki-baki cikin sigogi daban-daban. A sashen Mahabharata, doguwar waƙar almara ta Indiya, mai magana kan tsira, wasu malamai na ƙirga ginshiƙan samuwa 24, wasu 25, wasu 26. Ashwaghosha, mawaƙin addinin Buddha da ya rayu wajen ƙarni na 1 zuwa na 2, ya nuna Siddhartha, wanda daga baya ya zama Buddha, yana sauraron irin wannan darasi daga malaminsa Arada, sannan ya ga bai gamsar da shi ba ya yi gaba.

Wanda ya ɗaure zancen shi ne Ishwarakrishna, a waƙarsa Sankiya Karika mai baitoci saba'in da 'yan kai, wajen shekara ta 350 zuwa 450. Ya ce ya taƙaita wani babban littafi ne mai suna Shashtitantra, wanda yanzu ya ɓace. Da batun wahala iri uku ya fara: wadda ke tasowa daga jiki da zuciyar mutum, wadda wasu halittu ke jawo masa, da wadda ke saukowa daga sama. Magani da dukiya na rage ta amma tana dawowa, layyar dabbobi kuma akwai zubar da jini a cikinta, ladanta ma na ƙarewa. Saura sani, wato mutum ya rarrabe mai kallo da abin da ake kallo.

To ta yaya aka san akwai Prakriti alhali ba wanda ya taɓa ganinta? Hujjarsu ita ce abin da bai wanzu ba ba ya zama wanzajje. Duk abin da ya bayyana yana nan ɓoye cikin sanadinsa tun farko, shi ya sa masu sharhi ke cewa mai neman mai, riɗi yake matsa, ba ya matsa yashi. In aka bi sanadi bayan sanadi, dole a tsaya ga tushe guda wanda shi ba shi da sanadi. Tunda kuma kowane abu a duniya na iya jawo daɗi ko ɓacin rai ko mutuwar jiki, tushen ma yana ɗauke da ukun. Su ne halayen da ake kira guna. Satwa haske ce da rashin nauyi. Rajas motsi ne da zuga. Tamas nauyi ne da lulluɓi. Ba fenti ba ne da aka shafa wa Prakriti, su ukun ne ita kanta. Suna gāba da juna, suna danne juna, amma Ishwarakrishna ya ce tare suke aiki kamar fitila, inda mai da lagwani da wuta ke haɗuwa su ba da haske duk da sun saɓa.

Muddin ukun sun daidaita, babu abin da ke bayyana. Da kusantar Purusha ta gurɓata daidaiton, sai haihuwa ta fara: hankali da farko, daga shi jin kai, daga jin kai zuciya mai tunani da gaɓoɓin ji biyar da na aiki biyar, da kuma sinadarai biyar masu laushi waɗanda suka haifi sarari da iska da wuta da ruwa da ƙasa. Ashirin da uku ke nan, a haɗa da Prakriti da Purusha su zama 25. Dangantakar biyun, in ji waƙar, kamar ta gurgu da makaho ce, ɗaya na gani ba ya tafiya, ɗaya na tafiya ba ya gani. Ta kuma kwatanta Prakriti da mai rawa da ke barin fage da zarar 'yan kallo sun gan ta.

A nan abokan hamayya suka sami mariƙa. Shankara, jagoran masu cewa samuwa ɗaya ce tak, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ɗauki Sankiya a matsayin babban ɗan kokawa, wanda in an kayar da shi an kayar da sauran. Tambayarsa mai sauƙi ce: yaya abin da ba shi da sani zai tsara duniya, har ya yi aiki don amfanin wani? Ishwarakrishna ya riga ya ba da amsa da cewa madara ba ta da sani amma tana zubowa don ɗan maraƙi ya girma. Shankara ya ce ai saniya mai sani ce ke sakin madarar saboda ƙaunar ɗanta, gurgu kuma da baki yake nuna wa makaho hanya, alhali Purusha ko motsi ba ya yi. A ganina Shankara ya yi galaba a wannan gaɓa, kuma babu mai sharhin da ya toshe ramin yadda ya kamata, har Wachaspati Mishra, wanda sharhinsa Tattwakaumudi ya fi kowane shahara.

Duk da haka waƙar ta yi tafiya. Paramartha, wani malamin addinin Buddha ɗan Indiya, ya fassara ta da sharhinta zuwa Sinanci a ƙarni na 6. Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa kan Indiya da ya kammala wajen 1030, ya ce ya mayar da wani littafin Sankiya zuwa Larabci tare da na Patanjali, marubucin tushen makarantar Yoga. Na Sankiya ya ɓace, na Patanjali kuwa an gano shi a Istanbul. Al-Biruni ya bayyana halayen uku a matsayin ƙarfi uku da ke kwance cikin asalin abu marar siffa, ya ce Indiyawa na jingina na farko ga mala'iku, na biyu ga mutane, na uku ga dabbobi. A Turai, fassarar Ingilishi ta Colebrooke ta fito a 1837.

A gida kuwa makarantar ta yi ta dusashewa. Karika ba ta kafa komai a kan mahalicci ba, Sankiya Sutra da ta bayyana wajen ƙarni na 14 zuwa 15 ma cewa ta yi ba a tabbatar da shi da hujja ba. A ƙarni na 16 Wijnanabhikshu ya koka cewa zamani ya cinye koyarwar, ya yi ƙoƙarin sulhunta ta da Wedanta, makarantar da ta ginu kan littattafan Upanishad, da kuma imani da ubangiji. A zamanin nan sai tsirarun masu zuhudu, irin almajiran Hariharananda Aranya, wanda ya rasu a 1947, a zawiyarsa ta Kapil Math da ke Madhupur.

Halayen uku su ne suka tsira, domin har waɗanda suka kayar da Sankiya sun riƙe su. Yogar Patanjali a kansu ta ginu. Likitancin gargajiyar Indiya, Ayurweda, na amfani da su wajen bayanin halin zuciya. Bhagavad Gita, sanannen littafin addinin Hindu, ta ware musu babi na 14, sannan a babi na 17 da 18 ta kasa imani da sadaka da aiki da abinci gida uku: mai gina jiki da ƙara lafiya na satwa, mai tsami da gishiri da yaji na rajas, kwantai da ruɓaɓɓe na tamas. Dokokin Manu, tsohon kundin shari'ar Hindu, sun yi amfani da su wajen jera halittu da mutane sama da ƙasa, abin da ya ba tsarin fifikon dangi wata hujja da zai jingina da ita. Har yau a Indiya, in aka ce abinci na satwa ne, ana nufin babu nama a cikinsa, galibi kuma babu albasa da tafarnuwa.