Waiwaye: Laurel Aitken da faifan da ba a yanka don kasuwa ba

Masu bin tarihin kiɗan Jamaika har yau suna ja-in-ja kan abu biyu: wa ya fara ska, kiɗan rawan Jamaika da ya gabaci rege, kuma me ya sa da yawa cikin mawaƙan farko suka tsufa ba su ci gajiyar waƙoƙinsu ba. Tun da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kiɗan rege cikin jerin al'adun duniya a 2018, duk wanda ya bi salsalarsa sai ya tarar da ska, ya kuma tarar da tambayoyin nan. Rayuwar Laurel Aitken, wanda ake wa laƙabi da uban ska, ta nuna cewa tushensu ɗaya ne.

An haife shi a Kuba a 1927, iyayensa suka koma da shi Jamaika a 1938. Ya fara da rera waƙoƙin mento, kiɗan gargajiyar Jamaika, ga 'yan yawon buɗe ido a tashar jiragen ruwa ta Kingston, babban birnin ƙasar. Waƙarsa "Boogie in My Bones" ta mamaye Jamaika a ƙarshen shekarun 1950, ya tafi Landan a 1960, ya yi faifai da kamfanin Blue Beat, wanda Turawan Ingila suka ari sunansa suna kiran kiɗan gaba ɗaya da shi. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne dalilin da ya sa ɗaukar waƙa ta bunƙasa a Kingston. Masu manyan sifiku da ke haɗa rawa a fili, su ne kasuwar. Da faifan Amurka suke gasa, har sukan kankare takardar tsakiyar faifai don kada abokin hamayya ya gane sunan waƙar. Da salon kiɗan Amurka ya sauya, irin faifan da masu rawa ke so ya yi wuya, sai suka koma ɗaukar mawaƙan gida.

Ga yadda aikin yake. Mawaƙi da makaɗa duka a ɗaki ɗaya, sautin kowa na shiga layi guda. Mai jita da mai fiyano suna bugawa a tsakanin bugun ganga, ba a kansa ba, wannan tsallen shi ne ya zama alamar ska. Idan mai busa ya kuskure a minti na biyu, babu gyara, sai a koma farko. Da an samu ɗauka mai kyau, sai a yanka ta da allura a kan faifan alminiyum mai rufin shafe mai laushi. Kwafi ɗaya ne ko kaɗan, kuma duk juyi allura na cin shafen, har sauti ya dushe ya koma ƙara. Faifan sayarwa kuwa sai an yi masa hatimin ƙarfe, a riƙa danna shi kan roba mai zafi, ɗaruruwa ko dubbai.

To, faifan alminiyum ɗin kayan aikin dare ne, ba haja ba. Shi ya sa ake biyan mawaƙi kamar ɗan ƙwadago: kuɗi a hannu kan kowace waƙa, a rabu. Ba kasafai ake rubuta yarjejeniya ba, ba a kuma damu da rajistar wanda ya tsara waƙa ba, tunda ba wanda ya zaci abin zai wuce filin rawa. Da aka soma buga faifai masu juyi 45 a minti don jama'a, har ana aika su ga 'yan Jamaika mazauna Ingila, hajar ta sauya, amma tsarin biyan ya tsaya inda yake. A ganina nan ne gizo ke saƙar, fiye da halin wani mutum guda.

Wannan al'ada ce kuma ta rikita lissafin wa ya riga wa. Mai sifiku kan riƙe waƙa tsawon lokaci yana juya ta a wurin rawarsa kaɗai. "Easy Snappin'" ta Theophilus Beckford, wadda wasu ke cewa ita ce waƙar ska ta farko, a 1959 ta fito kasuwa alhali an ɗauke ta tun kafin nan. Ranar fitowa daban, ranar ɗauka daban, takardun kuma ba a adana su da kyau ba.

Doka ma ba ta cim ma kasuwar da wuri ba. Jamaika ta sami 'yanci a 1962, amma ta ci gaba da aiki da dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1911, sai a 1993 ta yi sabuwa. Aitken ya zauna a birnin Leicester na Ingila tun 1970. Sau ɗaya kawai ya shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, a 1980, lokacin da matasan Ingila suka farfaɗo da ska. Ya ci gaba da hawa dandamali har cikin tsufansa, ya rasu a Leicester a watan Yuli na 2005 yana da shekara 78.