Waiwaye: Mercier, mazaɓar da ta kayar da firimiyanta

A daren 15 ga Nuwamba, 1976, firimiyan lardin Kebek na ƙasar Kanada, Robert Bourassa, ya rasa mulki, ya kuma rasa kujerarsa ta majalisa. Wanda ya kayar da shi a mazaɓar Mercier da ke tsakiyar birnin Montreal shi ne Gérald Godin, ɗan jarida kuma marubucin waƙoƙi. Shekara shida kafin nan, a zamanin mulkin Bourassa ɗin, 'yan sanda sun kama Godin sun tsare shi ba tare da tuhuma ba. Tun daga wannan dare masu bin siyasar Kebek suke sa wa Mercier ido.

An ƙirƙiri mazaɓar ne a gyaran iyakoki na 1965, aka raɗa mata sunan Honoré Mercier, firimiyan lardin daga 1887 zuwa 1891. Mafi yawanta yana cikin unguwar Plateau-Mont-Royal. A lokacin wurin talakawa ne: ma'aikatan masana'antu masu jin Faransanci, da baƙi 'yan Fotugal da Girka da Yahudawa da suka taru a kusa da titin Saint-Laurent, inda masana'antun ɗinkin tufafi suke. Zaɓen farko a 1966 Bourassa ya ci shi a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal, mai son Kebek ta ci gaba da zama cikin Kanada. A 1970 ya zama shugaban jam'iyyar, ya zama firimiya yana ɗan shekara 36.

Bai daɗe da hawa ba rikici ya ɓarke. A Oktoban 1970 ƙungiyar FLQ, mai neman ɓallewar Kebek da ƙarfin makami, ta sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross, sannan ta sace ministan ƙwadago Pierre Laporte, wanda daga baya aka tsinci gawarsa a cikin but ɗin mota. Bourassa da magajin garin Montreal, Jean Drapeau, suka nemi taimakon gwamnatin tarayya. Firaminista Pierre Trudeau ya ɗabbaka dokar ta-ɓaci ta lokacin yaƙi ranar 16 ga Oktoba. An kama mutum kusan 500, akasarinsu ba su da alaƙa da FLQ: 'yan ƙwadago, ɗalibai, marubuta, mawaƙa. Godin yana cikinsu, haka ma abokiyar zamansa, mawaƙiya Pauline Julien. Mafi yawan waɗanda aka kama an sake su ba tare da an kai su gaban alƙali ba.

Mutanen Mercier ba su juya wa Bourassa baya nan take ba, don sun sake zaɓensa a 1973. Sai a 1976, lokacin da jam'iyyar Parti Québécois (PQ) ta René Lévesque, mai neman 'yancin kai ta hanyar ƙuri'a, ta lashe kujeru 71 cikin 110. Godin ya bi gida gida, ya hau matakalan ƙarfen nan da suka yi suna a Plateau, ya shiga gidajen baƙi waɗanda kowa ya ɗauka cewa ƙuri'arsu ta Liberal ce har abada. A ganina nan ne asalin halin wannan mazaɓa ya fito. Godin ɗan kishin Faransanci ne na gaske, amma ya yarda cewa Kebek ba za ta zama ƙasa ba sai ta jawo baƙi a jiki. Daga baya an ba shi ma'aikatar shige da fice da al'ummomin baƙi. Ya riƙe kujerar har 1994 duk da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa da ya yi fama da shi shekaru, ya rasu a Oktoban shekarar. Dandalin da ke gaban tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mont-Royal sunansa aka sa masa. Shi kuwa Bourassa ya dawo mulki a 1985, amma bai sake tsayawa a Mercier ba.

Robert Perreault na PQ ya gaji Godin, ya sauka a 2000. Zaɓen cike gurbin da ya biyo baya ya girgiza lardin fiye da girman kujerar. Yves Michaud, tsohon ɗan siyasa da ke neman tikitin PQ a Mercier, ya yi wasu kalamai game da Yahudawa da suka tayar da ƙura. Ranar 14 ga Disamba, 2000, majalisar lardin ta yi Allah wadai da shi baki ɗaya, ba tare da ta saurare shi ba, abin da har yanzu ake muhawara a kansa. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, kuma cikin wata guda firimiya Lucien Bouchard ya sanar da murabus, ya ambaci wannan rigima a jawabinsa. Da aka kaɗa ƙuri'a a Afrilun 2001, Nathalie Rochefort ta Liberal ta ci. Amma abin da aka fi magana a kai shi ne Paul Cliche, ɗan takarar da ƙananan ƙungiyoyin masu ra'ayin kare talakawa suka haɗu suka mara wa baya, ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un. Waɗannan ƙungiyoyi sun shafe shekaru suna faɗa da juna. Sakamakon Mercier ya nuna musu abin da haɗin kai zai iya kawowa. A 2002 suka kafa jam'iyyar UFP (Union des forces progressistes), a 2006 ta haɗe da ƙungiyar Option citoyenne ta Françoise David, aka haifi jam'iyyar Québec solidaire.

PQ ta karɓe kujerar a 2003 ta hannun Daniel Turp, malamin shari'a, ya sake ci a 2007. A duka zaɓukan biyu cikin 'yan takara akwai wani likita mai suna Amir Khadir, haifaffen Tehran, wanda ya zo Kanada yana yaro. Ya faɗi sau biyu, ƙuri'arsa na ƙaruwa. A Disamban 2008 ya kayar da Turp da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba, ya zama ɗan majalisa na farko a tarihin Québec solidaire. Har 2012 shi kaɗai ne jam'iyyarsa a zauren. Ya ci a 2012 da 2014, ya ƙi sake tsayawa a 2018. Ruba Ghazal ta gaje shi, haifaffiyar Beirut daga iyalin Falasɗinawa, wadda ta iso Montreal tana yarinya ta koyi Faransanci a makarantar gwamnati. Ta sake ci a 2022, kuma a Nuwamban 2024 ta zama ɗaya daga masu magana da yawun jam'iyyar biyu.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba. Plateau ta yau ba ta Godin ba ce. Masana'antun ɗinki sun rufe, kamfanonin fasaha sun shiga gine-ginensu, kamar Ubisoft da ya zauna a unguwar Mile End da ke cikin Plateau tun 1997. Ɗalibai, masu zane, ma'aikatan ofis da ɗimbin 'yan ƙasar Faransa sun cika unguwar, kuɗin haya ya tashi, iyalan ma'aikata da dama sun koma gefen gari. Ke nan jam'iyyar da ke magana da sunan talaka ta yi ƙarfi a wurin da talaka ke barinsa. Abokan hamayya suna yi mata gori da haka, suna kiranta jam'iyyar Plateau. Gorin yana da ɗan gaskiya, sai dai yawancin mazauna wurin 'yan haya ne, kuma tsoron a tashe su daga gida yana cikin abin da ke kai su rumfar zaɓe.

Tsarin zaɓen ma ya taimaka. A Kebek wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, ko da bai kai rabi ba. Ƙaramar jam'iyya ba ta da hanyar shiga majalisa sai ta tara magoya baya a wuri ɗaya, abin da Mercier ta yi wa Québec solidaire ke nan. Zaɓen 2022 ya fito da rashin adalcin fili: cikin kujeru 125, jam'iyyar CAQ (Coalition avenir Québec) ta firimiyan lokacin, François Legault, ta kwashe 90 da kashi 41 cikin ɗari na ƙuri'u. Québec solidaire ta samu wajen kashi 15 da kujeru 11, PQ ta samu kusan haka da kujeru 3, Liberal da ta zo bayansu a yawan ƙuri'a ta samu 21, jam'iyyar Conservative kuwa da wajen kashi 13 ba ta samu ko ɗaya ba. Legault ya sa hannu a 2018 kan alkawarin sauya tsarin zuwa na rabon kujeru daidai da ƙuri'a, gwamnatinsa ta gabatar da ƙudiri a 2019, daga baya ta yi watsi da shi.