"Apne" ba minshari ba ce, shirun da ke tsakiyarsa ne

Tun da aka yi ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga Nuwamba, kalmar "apne" ta cika kunnuwanmu a nan Tawa, saboda alaƙarta da ciwon ido na masu sukari. Na ji wani mai gabatar da shirin lafiya a rediyo yana cewa "apne, wato minshari", ya kuma maimaita har sau uku. Wani mai kiran waya ya ce ai dannau ne. Duk ba haka ba ne.

Daga Faransanci muka ɗauko ta, su kuma daga Girkanci, inda take nufin "babu numfashi". To ai mai minshari numfashi yake yi, da ƙara ma! Apne ita ce lokacin da ƙarar ta ɗauke ɗif.

Wanda ya taɓa kwana a tsakar gida da bazara kusa da kawuna ya san abin. Yana ja kamar injin niƙa, sai tsit. Ƙirji na motsi, iska ba ta wucewa, don naman maƙogwaro ya saki ya toshe hanya. Inna takan ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, har ashirin, kafin ya zabura ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ta ce, "Malam, daren jiya ka ba ni tsoro." Ya ce, "Ni ko juyi ban yi ba." Sai dai kafin azahar yana gyangyaɗi a bakin shago. Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Idan ta wuce sau 30 a awa ɗaya, ciwo ya yi tsanani.

Me ya haɗa wannan da ido? Can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, yana cikin sassan jiki mafi shan iskar oksijin, kuma cikin duhu ya fi buƙatarta. Sukari ya riga ya raunana ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Sai ga dare ya yi, oksijin na faɗuwa yana tashi, jini na hawa a kowace zabura. Tantanin da ya ji yunwa yakan sa a tsiro sababbin jijiyoyi, marasa ƙwari, masu yoyo da fashewa. Shi ya sa masu sukari da ke da apne suka fi faɗawa cikin ciwon ido mai tsanani. Wannan kuma ba yanar ido ba ce da ake cirewa a koma gida ana gani. Ba ya zafi, ba ya ja, sai ya yi nisa.

Abin da ke ba ni haushi da fassarar nan shi ne, da an ce minshari magana ta zama abin dariya, ko a ce alamar barci mai daɗi ce. Wa zai je likita don minshari?

Akwai na'urar da ke tura iska ta hanci duk dare, amma a garin da wuta ke zuwa ta tafi, rage ƙiba da kwanciya a gefe sun fi kusa da hannu. Kawu dai mun kai shi an ɗiga masa magani an leƙa bayan idon, gwajin da ya kamata mai sukari ya yi kowace shekara. Inna ce ta yi wa likita bayanin daren, shi yana ta musu.