Waiwaye: Tilasta Zuwa Makaranta da Taƙaddamar Hukunta Iyaye

Duk lokacin da aka kai ƙudirin doka kan fashin makaranta gaban wata majalisa, gardamar takan tsaya ne a kan iyaye: a ci su tara, a ɗaure su, ko a tallafa musu? Gardamar tsohuwa ce.

A 1717 Sarki Frederick William na Ɗaya ya umarci iyaye a Prussia, wata tsohuwar masarauta ta Jamusawa, su sa 'ya'yansu makaranta, amma a inda akwai makarantar kaɗai. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi tata dokar a 1852, ta wajabta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 14 karatun mako 12 a shekara. Sai a 1918 jihar Mississippi ta bi sahu, ita ce ta ƙarshe cikin jihohin ƙasar a lokacin.

Abin lura shi ne bambancin Ingila da Faransa. Ingila ta mayar da zuwa makaranta dole a 1880, alhali iyaye na biyan kuɗin makaranta har zuwa 1891. Wato an tilasta wa talaka sayen abin da ba shi da halin saye, ga kuma asarar ɗan abin da yaron ke samowa daga aikin ƙarfi. Faransa kuwa, a zamanin minista Jules Ferry, sai da ta mayar da firamare kyauta a 1881, kafin ta ce dole a 1882.

A wannan ƙarnin hukuncin ya dawo da ƙarfinsa. Ingila ta fara yanka wa iyaye tara ba tare da zuwa kotu ba a 2004, a watan Agustan 2024 kuma ta ɗaga ta zuwa fam 80, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Jihar California ta amince da doka a 2010, wadda Kamala Harris ta mara wa baya, mai ɗauke da ɗaurin da ya kai shekara guda. Daga baya ita da bakinta ta nuna nadamar yadda aka kama wasu iyayen.

Wasu sun gwada sun ja da baya. Faransa ta yi dokar dakatar da tallafin iyali ga iyayen yaran da ke fashi a 2010, ta soke ta a 2013. Jihar Texas ta Amurka ta cire fashin makaranta daga jerin laifuffukan da ake gurfanar da yara a kansu a 2015. A ganina dalilin a fili yake: abin da ke sa yaro fashi sau da yawa rashin lafiya ne, ko cin zali a aji, ko rainon ƙanne, kuma tara ba ta maganin ko ɗaya.

Barazil ta bi wata hanyar. Shirinta na Bolsa Família, da aka fara a 2003, yana ba iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin yaro ya riƙa zuwa aji, wanda da farko aka tsayar a kashi 85 cikin 100 ga 'yan shekara 6 zuwa 15.