Waiwaye: yadda coci ya faro ɗaukar nauyin marasa ƙarfi a unguwa

In ka leƙa ƙungiyar agaji ta coci a yau, ko a wace ƙasa ce, kusan abu ɗaya za ka tarar: ɗakin da aka tara kayan abinci da tufafi, littafi mai sunayen gwauraye da marayu da tsofaffi, sai 'yan sa-kai da ke bi gida-gida. Wasu na ɗauka kwaikwayon manyan ƙungiyoyin agaji na zamani ne, alhali abin ya kusa shekara dubu biyu. Kuma tun farkonsa har yau tambayoyi biyu ne suke ta dawowa, wa aka tsallake wajen rabo, sannan me ake nema a wurin wanda aka ba.

Da ƙorafi ma aka fara. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, masu bi da ke jin Girkanci a Urushalima sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abincin da ake yi kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a bar maganar ba, cewa suka yi a zaɓo mutum bakwai amintattu a damƙa musu aikin, ciki har da Istifanus da Filibus, kuma abin da ke burge ni shine dukkan bakwai ɗin sunayen Girkawa gare su, kamar dai ɓangaren da ya kawo kukan aka miƙa wa rabon. Daga nan ne coci-coci da dama ke danganta asalin aikin dikon, wato mai hidimar coci da ke kula da mabuƙata. Wajen shekara ta 150 an riga an saba, ranar Lahadi a tara baiko a ajiye wurin shugaban taro, shi kuma ya duba marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. A 251 bishof ɗin Rum, Koneliyus, ya rubuta cewa ikilisiyarsu na ɗauke da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500, a lokacin fa addinin bai ma samu izinin hukuma ba, ana farautar mabiyansa.

Da aka samu sarari sai aikin ya fita daga da'irar 'yan coci. A yunwar da aka yi wajen 369 a Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yanzu, Basil na Kaisariya, wani babban malamin coci, ya raba dukiyarsa ya ciyar da jama'a, daga baya ya gina wani katafaren wuri a bakin gari mai masaukin baƙi da wurin jinya, har da kutare da kowa ke gudu. Kafin nan ma a 362 sarkin Rum Juliyan, wanda yake son maido da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wasiƙa cewa Kiristoci na ciyar da talakawansu har da na waɗanda ba nasu ba. Shaidar abokin hamayya kenan, shi ya sa nake ganin tana da nauyi.

Ƙarnoni da yawa bayan haka gidajen 'yan zuhudu ne ke riƙe da yawancin wannan aiki a Turai, su ne masauki su ne asibiti. A Ingila da Sarki Henry na 8 ya rufe su tsakanin 1536 da 1541 sai aka ga ramin da suka bari, a 1601 aka yi dokar talakawa wadda ta ɗora wa kowace gundumar coci ta karɓi haraji ta kula da nata mabuƙatan. Anan ne aka ƙarfafa rarrabe talaka, wai akwai wanda ya cancanci taimako akwai wanda lalaci ne kawai ke damunsa, kuma wannan rarrabewa ta wahalar da bayin Allah sosai, musamman bayan 1834 da aka mai da taimako sai ka yarda ka shiga gidan aikin dole inda ake raba miji da mata da 'ya'ya.

Amma in ana maganar ƙungiyar agaji ta coci a unguwa irin wadda muka sani yau, dole a tsaya kan 1617 a wani ƙaramin gari a Faransa, Châtillon. Fada Vincent de Paul yana shirin shiga sujada ranar Lahadi aka zo aka ce masa akwai wani gida a bayan gari kowa a ciki na kwance ba lafiya, babu mai ba wani ko ruwa. Ya faɗa wa jama'a a wa'azi. Da yamma ya kama hanya zai je duba su sai ya ga mutane na ta kai da kawo, kowa ɗauke da abinci. Wani zai ce alhamdulillahi an gama, shi kuwa sai ya hango cewa abincin ya yi yawa a rana ɗaya, rabi zai lalace, nan da 'yan kwanaki gidan ya koma inda yake. Tausayin akwai shi, tsari ne babu. Sai ya tara matan garin suka raba kwanaki, yau wance ce za ta dafa ta kai, gobe wance, aka rubuta ƙa'ida har da yadda za a gaishe da mara lafiya da yadda za a ajiye masa abincin, da cewa wanda ba shi da kowa a bar shi a ƙarshe domin a samu a zauna da shi a ɗan daɗe. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ni dai har yau ban ga wadda ta fi ta fahimtar halin mabuƙaci ba, don sau da yawa kaɗaici ya fi yunwar cin mutum. A 1633 Vincent da wata mata mai suna Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar sistoci masu aiki a cikin gari da gidajen mutane, ba a kulle a gidan zuhudu ba, wanda a lokacin baƙon abu ne.

Shekara ɗari biyu bayan nan, a 1833, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Paris, Frédéric Ozanam, aka ƙalubalance shi a muhawara cewa mun ji abin da cocinku ya yi a da, to yau me kuke yi wa talaka? Maganar ta tsaya masa a rai. Shi da abokansa kaɗan suka fara kai itacen wuta da abinci gidajen talakawa, wata sista mai suna Rosalie Rendu da ta san unguwannin ciki da bai ita ke nuna musu gidajen da yadda za su shiga ba tare da sun kunyata kowa ba. Suka sa wa ƙungiyar sunan Vincent de Paul, yanzu tana ƙasashe kusan 150, kuma tsarinta bai canza sosai ba: ƙaramin rukuni a kowane coci, a je gida mutum biyu-biyu, a ji damuwa, a dawo a tattauna abin da za a iya.

Ɓangaren Furotesta ma ba a zauna ba. A Jamus an buɗe gidan horar da mata masu hidimar jinya a Kaiserswerth a 1836, Florence Nightingale, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta Ingila, ma ta je can ta koyi aiki. A gabashin Landan William Booth da matarsa Catherine suka fara wa'azi a unguwannin talakawa a 1865, abin da ya zama ƙungiyar Salvation Army a 1878, kuma an san su da jera abu uku, miya, sabulu, sannan ceto, wato mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika, kuwa a Freiburg aka kafa ta a 1897.

To amma tarihin ba duka fari ba ne, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. A babbar yunwar Ireland da ta fara a 1845, wadda ta ci rai kusan miliyan 1, an samu wasu masu wa'azi da ke ba da miya bisa sharaɗin 'ya'yan Katolika su zauna a koya musu aƙidar Furotesta. Ba su ne mafiya yawa ba, 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista, misali sun ciyar ba tare da sun nemi komai ba kuma har yau ana yaba musu, amma tabon ya daɗe, iyalan da suka karɓa an yi ta yi musu gori har jikoki. A ƙasar dai akwai gidajen wanki da sistoci ke gudanarwa, inda aka tsare mata da 'yan mata da sunan gyara tarbiyya suna aiki ba albashi, na ƙarshe sai 1996 aka rufe shi, a 2013 firaministan ƙasar ya nemi gafara a majalisa. Duk wanda ke riƙe da abincin mai yunwa yana da iko a kansa ko ya sani ko bai sani ba, kuma a ganina duk ƙungiyar da ba ta tsoron wannan iko za ta cutar da wani. Shi ya sa ƙa'idar aikin agaji ta 1994, wadda Caritas da Majalisar Coci-coci ta Duniya suna cikin waɗanda suka tsara ta tare da Red Cross, ta ce ba za a yi amfani da taimako don tallata addini ko siyasa ba. Fafaroma Benedict na 16 ma ya nanata hakan a 2005.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen Turai da dama sun ɗauki lafiya da fansho da tallafin marasa aiki a wuyan gwamnati, har wasu suka zaci aikin coci ya ƙare. Bai ƙare ba, salo ya canza. A 1967 a Phoenix ta Amurka, John van Hengel, ɗan sa-kai a wurin ciyar da mabuƙata, ya lura manyan shaguna na zubar da abinci mai kyau don kawai gwangwani ya lotsa ko kwanan wata ya kusa, cocin St Mary ya taimaka masa da wurin ajiya, nan aka samu bankin abinci na farko, wato wurin da ake tara abinci a raba wa mabuƙata. A Ingila ƙungiyar agaji ta Trussell Trust ta buɗe nata na farko a Salisbury a 2000. Tsarinsu shine likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko makaranta su ba mutum takarda, ya kai cibiyar, galibi a harabar coci take, a ba shi abincin kwana uku, a kuma zauna da shi a ji me ya kawo shi wannan hali. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024 cibiyoyinsu sun raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3, a ƙasar da ke cikin masu arzikin duniya fa.

Wannan zama a ji dalili shi ya haifar da wani reshen aikin. An gane cewa da yawa bashi ne ya danne su, ka ba su abinci yau, gobe mai bin bashi ya kwashe ɗan abin da ya shigo. A 1996 John Kirkby, wanda shi kansa bashi ya taɓa durƙusar da shi, ya kafa Christians Against Poverty a Bradford. Ma'aikaci daga cocin unguwa zai je gidan mutum, a tattara takardun bashin da wani ma tsoron buɗe su yake, ƙwararru su tsara masa kasafi su yi magana da masu bin sa, a raka shi har ya fita, kuma kyauta ne, ba a tambayar addininsa.

Matsalolin yanzu ma ba ɓoyayyu ba ne. Baiko na raguwa a inda masu zuwa coci suka ragu, 'yan sa-kai da yawa tsofaffi ne sun gaji, tallafin gwamnati ko na manyan masu bayarwa yana zuwa da sharuɗɗa da tarin rahotanni da ƙaramar ƙungiya ba ta da mai rubuta su. Ga batun tantance masu aiki da yara da masu rauni, wanda bayan abubuwan kunya na cin zarafin yara da aka bankaɗo ba wanda ya isa ya yi wasa da shi. Sai kuma muhawarar da ta fi zafi, ko yawan cibiyoyin nan yana ba gwamnatoci damar zame wuya daga haƙƙin da ke kansu. Ita kanta Trussell yanzu burin da take faɗa a fili shine a kai ranar da ba a buƙatar bankin abinci, don haka bayan rabon take tattara alƙaluman masu zuwa da dalilansu tana kai wa 'yan majalisa, tana neman a ɗaga kuɗin tallafi ya isa sayen abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su.